Me ke kai mata ga aikata laifi a yau? Amsa ga wata malamar makaranta a Katsina

Tambaya: Ni malama ce a wata makarantar 'yan mata a cikin birnin Katsina. Kusan kullum sai mun ji an kama mace: wata tana kai wa ɓarayin daji fetur, wata da ƙwaya, wata ta illata mijinta ko kishiyarta, wata ta cinye kuɗin adashi. A ɗakin malamai gardama ta ƙi ƙarewa. Wasu sun ce talauci ne, wasu sun ce tarbiyya ce ta lalace. Ke da kike aikin lauya, kina shiga kotuna kina ganin waɗannan mata, mene ne ainihin dalilin?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka muku da alheri a kan 'ya'yanmu da kuke riƙe da su. Zan ba ki amsa gwargwadon abin da aikin kare waɗanda ake tuhuma ya nuna mini a kotunan majistare da kotunan shari'ar Musulunci na jihar nan, in haɗa da abin da alƙaluma suka tabbatar.

Mu fara da yawan abin, don tun daga nan hirar mutane take karkacewa. A cikin dukan waɗanda ke tsare a gidajen gyaran hali na Nijeriya, mata wajen kashi 2 ne cikin 100. A duniya baki ɗaya kason mata ya kusa kashi 7. Kuma a cikin mutanen da ke tsare a ƙasar nan, kusan 2 cikin kowane 3 jiran shari'a suke yi, kotu ba ta ce sun yi laifi ba tukuna. Abin da ya ƙaru ƙwarai shi ne jin labari. Namiji zai yi sata a unguwa, ba mai ji sai maƙwabta. Mace ta yi, kafin la'asar hotonta ya zagaye Facebook da WhatsApp, saboda ido bai saba ba. Ban ce babu abin da ya ƙaru ba. Shigar mata cikin harkar daji da harkar ƙwaya abu ne da iyayenmu ba su sani ba a wannan siffa, kuma zan zo kansu.

Masu cewa talauci ne suna da rabin gaskiya. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan Nijeriya, suna cikin talauci ta fuskoki da yawa, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Da talauci shi kaɗai ke sa laifi, da babu gidan yarin da zai ɗauke mu. Ki duba matan da ke dakau da wankau da soya ƙuli-ƙuli daga Ƙofar Marusa har Sabuwar Unguwa, wata sai ta wuni ba ta ɗora tukunya ba, amma ba ta taɓa ɗaukar allurar wani ba. Masu cewa tarbiyya ce su ma ba su kai ƙarshen zancen ba, don da yawa cikin matan da na tsaya wa a kotu masu salla ne, sun yi Islamiyya, maƙwabtansu suna zuwa suna ba da shaidar kirki a kansu. Abin da na ga yana maimaita kansa daga wannan shari'a zuwa waccan shi ne: an bar wa mace nauyin da addini da al'ada suka ɗora wa wani, sannan ƙofar da ya kamata ta bi ta nemi haƙƙinta an toshe ta.

Ci da sha da sutura da muhalli, duk a wuyan miji suke, babu malamin da ya yi saɓani a kan haka. Amma ki shiga gidaje ki gani. Maigida ya ajiye kuɗin cefanen da ya saba ajiyewa tun kafin a cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, alhali a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Wani ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal, wata da watanni ba aike. Wani yana nan, amma da asuba ya fice, don ba ya iya kallon idon yaran. Ba duka ne azzalumai ba, da yawansu su ma abin ya fi ƙarfinsu. Sai dai yaro ba ya bin ubansa kasuwa ya yi masa kukan yunwa, gindin uwa yake zama. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna Katsina ce kan gaba a yawan haihuwa, kimanin 7.3 ga kowace mace. To ki ɗauki matar da aka aurar tana shekara 15 ko 16, ba ta gama makaranta ba, ba ta da jari, ba ta fita, cinikinta duka a kan farantin tallar 'yarta yake, ga yara shida. Giɓin da ke tsakanin abin da aka ba ta da abin da tukunya ke ci, da me za ta cike shi? Da bashi.

Mafi yawan shari'un mata da suka biyo ta hannuna, tushensu bashi ne, kuma su ne ba a bugawa a labarai don ba jini a ciki. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma yadda yake juyewa ya zama tuhuma ya kamata ki sani. Uwar adashi tana riƙe da zubin mata ashirin. Ɗanta ya kwanta asibiti, ta taɓa kuɗin da niyyar mayarwa kafin ranar kwasa. Ranar ta zo ba ta samu ba, sai ta biya mai kwasa da zubin mako mai zuwa. Haka za ta yi ta rufe wannan da wancan har ranar da mutum uku suka taru a ƙofarta. Dillaliya ta karɓi atamfa ko sarƙar gwal ta sayar, kuɗin suka shiga tukunya kafin su kai ga mai kaya. Ga kuma bashin rukuni na ƙananan bankuna, wanda ake biya mako-mako, kowace mace tana tsaya wa 'yar'uwarta. Ranar biya ba a san rashin lafiya ko rashin ciniki ba, sai mace ta karɓo daga banki na biyu ta biya na farko. Abin da ya fi ci mini rai, sau da yawa ba ita ta ci kuɗin ba. Miji ne ya ce ta karɓo da sunanta ya sayi taki ko babur, da abin ya lalace ya ce shi bai sa hannu a ko'ina ba.

Sai kayan ɗaki. A nan, Malama, mu mata sai mun yarda da namu rabon. Sadakin da ango ya bayar ba ya sayen katifa, amma ana jiran uwar amarya da gado da kujeru da labule da kayan kicin da gara, kuma dangin ango za su shiga su duba, su fito su yi magana. Uwar da ta san gorin da za a yi wa 'yarta har ƙarshen zamanta a gidan, za ta ci bashin da ba ta da hanyar biya. Na ga matan da ba su taɓa sanin hanyar caji ofis ba sai bayan bikin 'yarsu da wata biyu. Ba maza ne suke leƙa ɗakin amarya su ƙirga kwanuka ba, mu ne. Ga anko a kowane biki da suna, wadda ba ta yi ba a ce ba ta da zumunci.

A doka, bashi ba laifi ba ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun hana a kama mutum saboda rikicin bashi ko saɓa yarjejeniya. Amma mai bin bashi ya san kotun farar hula tana ɗaukar lokaci, sai ya nufi caji ofis, a rubuta takarda a ce cin amana da zamba. A kotu a ba da beli da sharaɗin mai tsayawa ya zama ma'aikacin gwamnati ko mai takardar fili. Matar da ta kasa biyan naira dubu tamanin, ina za ta samo irin wannan mutum? Sai ta zauna a tsare, wani lokaci da goyo a bayanta, tsawon da ya fi hukuncin da za a yanke mata ko da an same ta da laifi. Haka kuma dokokin nan biyu sun hana a kama wani a madadin wani, amma har yau ana ɗaukar mace don a tilasta wa mijinta ko ɗanta ya fito. Akwai masu damfarar gaske, waɗanda suka buɗe adashi ko kasuwancin waya da niyyar su tattara su gudu, kuma su ba na neman musu uzuri. Sai dai a cikin lissafin “mata masu laifi” akwai adadi mai yawa da bai kamata a ce sun taɓa kwana a hannun hukuma ba.

Bayan bashi, abu na biyu shi ne saki. Alƙur'ani a farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya hana a fitar da matar da aka saki daga ɗakinta lokacin idda, amma a garin nan takarda da korar rana ɗaya suke zuwa. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, uwa ce ta fi cancanta da renon ɗa namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta, kuma ciyar da su yana kan uba. A aikace ɗayan biyu ne: ko a ƙwace yaran a kai wa kishiya ko kaka, ko a bar mata su ba ko sisi. Idan ta yi ƙarfin hali ta kai ƙara, alƙali ya yanka kuɗin wata, uban ya biya sau ɗaya ko biyu ya daina, ita kuma ba ta da kuɗin motar da za ta yi ta sintiri. Ta koma gidan ubanta, ɗakin da ta bari an ba ƙaninta da amaryarsa, tsohon kuma da ƙyar yake ciyar da kansa. Bazawara mai shekara 22 da yara uku, ba sana'a, ba takardar makaranta, ita ce wadda kowane mai mugun nufi yake nema. Kawali ita yake nema, dillalin ƙwaya ita yake nema ta ajiye masa kaya, haka mai safarar mutane. Jiharmu tana bakin iyaka: ta Jibiya a shiga Maraɗi, ta Daura da Kwangwalam a nufi Damagaram, daga can Agadas, sai Libiya ko Aljeriya. Wasu kuma a yi musu alkawarin aikatau a Saudiyya. Tun 2003 aka kafa hukumar NAPTIP don yaƙar wannan safara, kuma abin da ke ba mutum tausayi da haushi tare shi ne, mai zuwa gida-gida tana zawarcin 'yan mata sau da yawa mace ce, wata Hajiya mai fara'a da kowa ya sani, wadda ita ma a baya ta wannan hanya aka bi da ita.

Batun daji kuwa shi ne ya fi sabunta. Ƙananan hukumomin da ke jikin dajin Rugu da iyakar Zamfara da Kaduna, irin su Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Dandume, sun shafe shekaru cikin kisa da satar mutane da kora. Kowane namijin da aka kashe a gona ya bar mace ɗaya ko biyu da marayu. Kowane kuɗin fansa da aka biya, gona ce ko shanu ko kayan ɗakin wata aka sayar. Matan da kike gani da yara suna bara a bakin masallatai da shataletalen Katsina, da yawansu a garuruwansu masu rumbu ne.

Su kuma mutanen daji ba sa rayuwa sai da gari. Suna buƙatar fetur na babura, burodi, katin waya, magani, ƙwaya, harsashi, da labarin wanda ya sayar da amfanin gona. Tsakanin ƙarshen Agusta da Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta hana sayar da fetur a jarka, ta rufe wasu kasuwannin dabbobi, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama. Matakin ya takura su, amma ya sa duk abin da ya isa daji kuɗinsa ya ninka. Da ribar ta yi yawa, sai aka nemi wanda zai wuce shingen bincike ba a taɓa shi ba. Shingayen hanyoyin ƙauye ba kasafai ake samun jami'a mace a wurin ba, namiji kuma ba zai sa hannu ya laluba matar aure cikin hijabi da goyo ba. Mutuncin da al'ada ta ba mace, shi suka mayar abin fakewa. Rundunar 'yan sandan jihar nan ta sha gabatar da matan da aka kama da fetur a leda ko harsasai a cikin kaya.

Waɗannan mata ba iri ɗaya ba ne, kuma kotun da ta haɗa su a ma'auni ɗaya ba ta yi adalci ba. Akwai wadda ƙauyenta yana ƙarƙashin ikonsu, su ke yanka haraji kafin a yi noma, an ce ta kawo kaza ko a ƙone gidan. Akwai wadda mijinta ko ɗanta ke hannunsu, an haɗa mata da fetur da katin waya cikin sharuɗɗan fansa. Akwai wadda aka aurar wa ɗan daji, ko ɗan'uwanta ne, ba ta san wata rayuwa ba. Akwai kuma wadda ta ga kuɗi ta bi, tana zaune lafiya a gari, tana kai rahoton maƙwabcinta. Wannan ta ƙarshe ba ni da abin da zan faɗa don sassauta mata. Fetur ɗin da ta kai shi ne a cikin babur ɗin da ya shiga wani ƙauye da dare, kuma matan da aka mayar zawarawa a daren nan su ma mata ne. Amma ko a nan, ki lura da wanda ke shiga hannu. Mai ɗauke da kaya ake kamawa. Wanda ya sayo harsashin, da wanda ya biya, ba ta ma san sunansu na gaskiya ba, lambar waya kawai aka ba ta.

Rufe iyaka ya ƙara wa abin ƙarfi. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yuli na 2023 har zuwa Maris na 2024. Garuruwa irin Jibiya da Mai'aduwa da kasuwancin ƙetare suke numfashi, har mai sayar da abinci a tasha da mai fura. Da hanya ta mutu, wasu mata suka koma fiton rabin buhun shinkafa ta ɓarauniyar hanya. Wadda ta saba da wannan, ta san direba, ta san inda ake ba da na goro, ranar da aka ce ta riƙe wani ƙulli a biya ta ninki biyar, ba kowace ce za ta tambayi abin da ke ciki ba.

A kan ƙwaya, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna shaye-shaye a Nijeriya, kuma 1 cikin kowane 4 mace ce. Amma a cikin masu karɓar magani a cibiyoyin farfaɗowa, mace wajen 1 ce cikin 20. Tazarar nan kunya ce ta haife ta. Namiji ɗan ƙwaya ana kai shi asibiti, mace kuwa ɓoye ta ake yi don kada ƙannenta su rasa mijin aure. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, sai mutane suka ƙara karkata ga tiramadol da ƙwayoyin sa barci. Da yawan matan aure da suka faɗa ciki ba da neman nishaɗi suka fara ba. Damuwa ce ta hana barci, wata ƙawa ta ce ga abin da zai kwantar miki da hankali. Da jiki ya saba, kuɗin cefane ba zai ɗauka ba, sai ta fara sayar wa wasu matan a gidan biki don ta sami nata. Ranar da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta zo, a takarda dillaliya ce.

Yanzu ga wanda ya fi tayar da hankali, wato zubar da jini a cikin gida. Kashe miji abu ne mai wuyar aukuwa, shi ya sa kowane ɗaya yake zama labarin shekara. Za ki tuna da yarinyar nan 'yar shekara 14 a Jihar Kano da aka tuhuma a 2014 da sa wa mijinta maganin ɓera a abinci kwanaki kaɗan bayan aure, har mutum huɗu suka mutu, daga baya gwamnati ta janye ƙarar a 2015. Rayuka huɗu sun tafi, yarinya ta tashi da wannan a kanta har abada, duk a kan auren da aka ɗaura mata tana ƙarama. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren Khansa'u bint Khidam da ubanta ya ɗaura ba da sonta ba. Mu kuwa yarinya ta yi yaji sau uku, sau uku ana mayar da ita da “ki yi haƙuri, kowa haka take zaune”. Ta nemi khul'i, miji ya ce sai an biya shi har kuɗin toshi da na lefe, abin da ya san ubanta ba shi da shi. Tsohon kundin dokokin laifuka na Arewa, Final Kod, a sashe na 55 har dama ya ba miji ya ladabtar da matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba, kuma wannan tunani ya zauna a kan mutane da yawa, har da wasu masu karɓar ƙara. Matar da ta je da kumburarren ido aka ce mata maganar cikin gida ce, ta koyi cewa babu mai cetonta. Mafi yawansu haƙurin suke yi har mutuwa. 'Yan kaɗan ne wata rana wuƙar yanka albasa take hannunsu lokacin da aka fara dukan.

Ba kowane kisa ne yake da wannan tarihi ba. Shari'ar nan ta Abuja da aka yanke hukuncin kisa a watan Janairu na 2020 a kan matar da ta daɓa wa mijinta wuƙa a 2017, gidan wadata ne, ba yunwa ba auren dole. Fushi da kishi da rashin riƙe zuciya suna nan a kowane gida, mai kuɗi da talaka. Haka ma ma'aikaciyar da ta ci kuɗin ofis, ko matar mai hali da take ƙona 'yar aikinta da ruwan zafi, babu tattalin arzikin da zai wanke su.

Kishi kuwa, a yadda nake ganinsa a kotu, rabinsa lissafin abinci ne da gado. Mata biyu ko uku a tsakar gida ɗaya, madafi ɗaya, miji ya fifita ɗaya a kwana da cefane, kowace tana duban abin da 'ya'yanta za su samu idan ya faɗi. Namijin da ba ya iya ciyar da mace ɗaya ya ƙaro ta biyu, shi ya haɗa faɗan, amma da wuya ki ga an kira shi ko a matsayin mai ba da bayani. Waɗanda ke shan wahalar kuwa yara ne, ɗan kishiya da maraya da 'yar riƙo, kuma duk matar da ta huce haushin miji a kan yaro ta cancanci hukuncinta cikakke.

Jariran da ake tsinta a kwata ko kango, kowa uwar yake tsine wa. Cikin mutum biyu ne, amma a jikin mutum ɗaya yake fitowa. Jihar nan ta ga wannan a shari'ar Amina Lawal, wadda kotun Bakori ta yanke wa hukuncin jefewa a 2002, namijin da ta ambata ya musanta aka sallame shi, sai a watan Satumba na 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta soke hukuncin. Yarinyar da ta san gidansu za a kore ta, saurayin ya kashe waya, ta haihu ita kaɗai a banɗaki, a cikin wannan firgici take aikata abin da zai bi ta har kabari. Akwai kuma taɓin hankalin bayan haihuwa, wanda ke kama mace 1 zuwa 2 cikin kowace 1,000 da suka haihu, yakan zo a makonnin farko na jego, mace ta daina barci, ta riƙa jin muryoyi, har ta cutar da jaririnta. Mu sai mu ce iska ce, a yi ta hayaƙi, alhali ciwo ne da likitan ƙwaƙwalwa ke magancewa.

To ina matsayin tarbiyya? Tana nan, kuma addini bai ɗauke wa mace alhakin aikinta ba. Da matar nan ta Banu Makhzum ta yi sata aka nemi Usama ya yi ceto, Annabi ya ƙi, ya ce ko Faɗima 'yar Muhammadu ce ta yi sata zai yanke hannunta. Amma shi ne kuma ya ce wa Hindu bint Utba, da ta kawo ƙarar rowar Abu Sufyan, ta ɗauki abin da zai ishe ta da ɗanta gwargwadon al'ada. Imam Malik ya ruwaito cewa bayin Haɗib sun saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka, da Sayyidina Umar ya fahimci yunwa ake bar su da ita, sai ya juya kan ubangidansu ya ci shi tarar ninkin kuɗin taguwar, dirhami 800. Wato ya tambayi wanda ya yi satar, ya kuma tambayi wanda ya bar shi da yunwa. Mu tambaya ta farko kawai muke yi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya da gwamnatin jiha za ta yi, zan ce a sa ƙarfi a bayan hukuncin ciyarwa. Idan alƙali ya yanka kuɗin yara, a cire daga albashin ma'aikaci kai tsaye, ɗan kasuwa kuma kotu ta bi shi da kanta, ba a bar wa bazawara bin sawu ba. Bayan wannan sai cibiyar farfaɗo da masu shaye-shaye ta mata zalla, da jami'ai mata a shingayen bincike. Ku kuma a makaranta kuna ganin abin tun yana ɗanye: yarinyar da ta fara fashi ranar kasuwa saboda talla, wadda ta ɓace bayan aji uku na ƙaramar sakandare, wadda ta zo da wayar da gidansu ba za su iya saya ba. Katsina tana cikin jihohi bakwai na farko da shirin AGILE na Bankin Duniya ya fara da su don riƙe 'yan mata a sakandare, kuma duk shekarar da yarinya ta ƙara a aji tana rage yiwuwar ta zama waccan bazawarar da ba ta da abin yi.

Tunda iyayen ɗalibanki za su riƙa zuwa wurinki da matsala, ki riƙe waɗannan. Adashi da bashi a rubuta, da shaidu, ko a littafin makaranta ne. Mace kada ta karɓi bashi da sunanta don wani sai shi ma ya sa hannu. Idan an kama wata, tsarin mulki ya ce a kai ta kotu cikin awa 24 inda akwai kotu kusa, ko awa 48 inda babu. Beli a caji ofis kyauta ne. Tana da damar ta ƙi ba da jawabi har sai lauya ko wani da ta amince da shi yana wurin, kuma kada ta dangwala yatsa a takardar da ba a karanta mata da Hausa ba. Dokar 2015 ta ce ba a hana mutum tsayawa beli don kawai mace ce. Wadda ba ta da kuɗin lauya, a nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA a nan Katsina, kuma a je tun ranar farko, kafin a rubuta jawabin.